Kayen karatun gida: abin da muka yi a unguwar Bukoki ta Yamai tun da aka rufe lakwal

Asabar, 21 ga Maris 2020

Ranar Talata, 17 ga wata, Shugaban ƙasa Mahamadu Isufu ya yi jawabi ya ce za a rufe dukan makarantu daga ranar 20 ga Maris har tsawon mako biyu, kuma ana iya ƙarawa. Ranar Alhamis kuwa aka sanar da mutum na farko da aka samu da cutar korona a nan Yamai. Jiya yarana suka dawo daga lakwal suna tsalle kamar an ba da hutun ƙarshen shekara, malamin makarantar allon unguwarmu shi ma ya sallami almajiransa, saboda haka daga yau babu inda za su je da safe, babu inda za su je da la'asar. Na sayi wannan kaye, wato littafin rubutu, dala 40 domin in riƙa rubuta abin da muka yi da abin da na kashe, don na san halina: abin da ban rubuta ba, bayan kwana uku sai in rantse an yi shi alhali ba a yi ba.

Yaran uku ne. Ƴar farina, wadda zan kira Uwani kamar yadda ake kiranta a gida tunda bakina bai saba faɗin sunanta ba, shekarunta 15, tana ajin ƙarshe na kwaleji, kuma jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji na jiranta bana. Laminu shekarunsa 9, yana CE2, aji huɗu na firamare. Balki, auta, ba ta cika shekara 5 ba, ba ta shiga lakwal ba tukuna. Mahaifinsu yana Tawa tun makon jiya wajen Hajiya, mahaifiyarsa, wadda ciwon ƙafa ya matsa mata. Ni kuma ɗinki nake yi a gida, karatuna ya tsaya a shekara ta uku ta kwaleji tun kafin aurena.

Litinin, 23 ga Maris

Na je kasuwar Katako da sassafe kafin cunkoso. Falankin katako mai faɗi jika 2 da rabi, ƙaramin gwangwanin fentin allo jika 1 da rabi, kwalin alli jika 1, sabulu huɗu jika 1, taksi zuwa da dawowa dala 80. Uwani ta shafa fentin sau biyu, muka jingina allon a ƙarƙashin rumfa. Na huda wata tsohuwar jarka ta lita 5 kusa da wuyanta, na rataye ta a bakin zaure da igiya da sanda a ƙasa, yadda in an taka sandar ruwa zai zubo ba tare da an taɓa jarkar ba, sabulun kuma na ɗaure shi a tsohuwar safa don kada ya yi ƙafa.

Na tsara lokuta daidai da na lakwal: daga ƙarfe 8 zuwa 12, sannan daga 3 zuwa 5. Na rubuta tsarin a takarda na manna a ƙofar ɗaki.

Laraba, 25 ga Maris

An yi lissafi da safe, Laminu ya maimaita jadawalin ninkawa har na 6. Balki ta cinye rabin alli guda.

Lahadi, 29 ga Maris

Ranar Juma'a aka ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya. Tun jiya an hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, kuma daga yau an killace birnin, ba shiga ba fita. Ma'anar wannan a gidanmu ita ce mahaifin yaran ya maƙale a Tawa, fiye da kilomita 500 daga nan, da kaya kala uku a jaka. Da ya bugo waya na ba yara ɗaya bayan ɗaya; Laminu ya tambaye shi ranar dawowa, ya ce sai yadda Allah ya yi, yaron ya miƙo mini wayar bai ƙara cewa komai ba.

Gwamnati ta ce za ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani. Ta fuskar wuta za mu ji sauƙi, amma ruwa wajen mai garuwa muke saye, kuma tun da aka fara yawan wanke hannu sai da na ƙara jarka biyu a kowace rana.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Tsarina ya rushe, kuma zafi ne ya rushe shi. Ƙarfe 11 na yi rumfar kwano ta zama tanda, allin yana narkewa a hannu don gumi, Balki tana kuka, Laminu yana gyangyaɗi. Zaman ƙarfe 3 kuwa sau ɗaya kawai muka iya yinsa cikin kwana goma. Ga ɗaukewar wuta, wadda ta fi yawa daidai lokacin da ake neman fanka. Na cire takardar daga ƙofa. Daga gobe za a fara ƙarfe 6 da rabi a tashi ƙarfe 9, sai kuma ɗan zama bayan magariba, tunda dokar hana fita ta riga ta tara mu wuri ɗaya. Na sayi fitila mai caji da hasken rana jika 4 saboda zaman daren.

Asabar, 4 ga Afrilu

Yau na ga abin da ban so gani ba. Na ba Laminu littafinsa na karatun Faransanci na ce ya karanta mini shafin da suka tsaya. Ya karanta tiryan-tiryan ba gargada, har na fara jin daɗi, sai na lura idonsa ba ya kan littafin, yana kan wani ƙadangare da ke hawan katanga. Na sa yatsa a kan wata kalma da ke tsakiyar shafin na ce ya faɗa mini ita kaɗai. Sai ya koma farkon shafin yana motsa leɓe a hankali, yana bin layi da yatsa yana ƙirga, har ya iso wurin, sannan ya faɗi kalmar da ke gaba da wadda na nuna. Na tashi na rubuta “tuwo” a allo, abin da ya ci jiya da dare, na ce ya karanta. Ya dubi allon ya dube ni, ya ce, “Inna, ba a koya mana wannan ba.”

Shekara huɗu ke nan yana zuwa lakwal, kowace shekara yana wucewa aji na gaba, ashe haddace shafuka yake yi da kunne kamar yadda ake hadda a makarantar allo. Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na ɗauke shi da mari ba. Bai yi kuka ba. Ya je bayan randa ya tsuguna, bai fito ba sai da rana ta iso wurin.

Na rubuta wannan ne domin kada in manta cewa laifin da na mare shi a kai ba nasa ba ne. Ajinsu na zana ne, ba a kafa shi sai damina ta ɗauke, kuma su fiye da 80 ne gaban malami ɗaya. Ni da ke gida ɗaya da shi, ina duba sakamakonsa ina sa hannu, ban taɓa zaunar da shi na ce ya karanta mini kalma ɗaya tak ba sai da annoba ta tilasta mini. Da dare na kira shi na ba shi haƙuri, abin da uwata ba ta taɓa yi mini ba, kuma na ga mamakin hakan a fuskarsa ya fi na marin.

Litinin, 6 ga Afrilu

Maƙwabcinmu na gabas tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, duk unguwa Baba Mushe ake ce masa. Yana da ciwon sukari, ƴaƴansa sun hana shi fita, don haka na taka turmi muka yi magana ta kan katanga. Na kwashe labarin Laminu na faɗa masa, har da marin.

Ya ce, “Ƴata, kaya biyu kika ɗora wa yaron nan a kai ɗaya. Bai san harafi ba, bai san harshen ba. Sauke masa ɗaya tukuna.” Shawararsa ita ce in ajiye littafin Faransanci gaba ɗaya na wata guda, in koya masa karatu da Hausa, domin a Hausa abin da aka rubuta shi ake faɗa, kuma in yaro ya haɗa ba da ba ya ji “baba” ya fito daga bakinsa, ya san abin da ya karanta ba sai an fassara masa ba. Ya ce wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Ya tsara mini yadda zan bi: wasula biyar da farko, sannan baƙi ɗaya a rana tare da wasulan, ba be bi bo bu, sannan kalmomin da ke cikin gida, kuma kada zama ya wuce minti 20.

Na ce, “Baba, ba zai rikice ba in an koma lakwal?” Ya ce haruffan ai ɗaya ne, in lokaci ya yi za mu gina gada. Ya ƙara da cewa in ajiye bulala nesa da allo.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Wasula sun zauna. Mun yi b, k da m. Ya karanta baba, kaka, mama da baki da kansa.

Asabar, 11 ga Afrilu

Mun yi t, w, r da n. Ya karanta tuwo, ya yi dariya, ya ce in ƙara rubuta wani abincin.

Talata, 14 ga Afrilu

Hankalina ya tafi kan Laminu har na manta da wadda jarrabawa ke gabanta. Tun da hukuma ta matsa kan sanya takunkumi nake samun ɗinki, ina yin guda 30 zuwa 40 a rana ina ba wani mai butiki a kan dala 30 kowane, kuma da wannan muke cin abinci tunda ɗinkin biki ya tsaya cak. Amma duk sa'ar da na yi a kan keke, Uwani ce ke biyanta: shara, wanke-wanke, girki, wankan Balki. Yau da hantsi na same ta ta kifa kai a kan kayen lissafi tana barci, tukunya na tafasa. Da na tashe ta sai ta ce, cikin ladabi amma idonta ya kawo ruwa, “Inna, ni ma fa jarrabawa gare ni.” Na ƙirga, na ga a makon da ya wuce ba ta samu ko sa'a ɗaya cikakkiya a rana ba.

Na raba aikin. Laminu zai yi shara da wanke kwanonin safe, ni zan yi girkin rana, kuma daga ƙarfe 6 da rabi zuwa 9 babu mai aiken Uwani ko da gishiri ne ya ƙare. Wata maƙwabciya da ta leƙo ta ga Laminu a bakin wanke-wanke ta ce zan mayar da ɗa namiji mace. Na ce mata hannunsa ba zai guntule ba.

Akwai kuma maganar waya. Malamin lissafinsu ya buɗe zaure a WhatsApp yana turo darussa da atisaye, Allah ya saka masa. Na sa jika 1 na intanet, cikin kwana biyu ya ƙare, kuma da na duba sai na ga bidiyoyin da dangi ke turowa na maganin korona da citta da lemun tsami ne suka cinye shi, don wayar tana sauke komai da kanta. Uwani ta kashe wannan saitin. Daga yau jika 1 a mako, ana buɗe intanet sau biyu a rana, ta kwafe atisayen a kaye sannan a rufe.

Juma'a, 17 ga Afrilu

Ka'idar Tales ta darasin lissafi ce ta tsaya wa Uwani a wuya, ni kuma ban kai wurin ba a nawa karatun. Na ce ta koya mini kamar ni ce ɗalibar, in na gane to ta gane. Da ƙarfe 10 muka kafa sanda mai tsawon mita 1 a tsakar gida, muka auna inuwarta da ma'aunin ɗinkina, santimita 90. Laminu ya riƙe bakin ma'aunin muka auna inuwar dogon yaron da ke ƙofar gida, mita 6 da santimita 30. Ta yi lissafinta a allo ta ce tsawon bishiyar mita 7 ne. Laminu ya ce shi bai yarda ba sai ya hau ya auna, na hana shi.

Litinin, 20 ga Afrilu

Kwanakin nan ba a yi barci sosai ba. Matasa sun yi ta fitowa da dare a wasu unguwanni, har da Lazare da ke kusa da mu, suna ƙona tayoyi saboda dokar hana fita da rufe masallatai, kuma jiya iska ta kawo mana hayaƙi mai sa hawaye har cikin ɗaki. Na jiƙa zannuwa na toshe tagogi. Balki, wadda ta bar fitsarin kwance tun bara, ta yi shi dare uku a jere, kuma ta daina yarda ta je bayan gida ita kaɗai in rana ta faɗi.

Yau da nake yi mata kitso na tambaye ta abin da take tsoro. Ta ce korona. Na ce mece ce korona? Ta ce wani ƙato ne da yake yawo da dare yana bugun ƙofa, shi ya sa ake rufe gida tun magariba, shi ya sa kuma Baba ya kasa dawowa. Na ga yarinyar ta yi hankali iyakar abin da ta gani, mu ne ba mu yi mata bayani ba, muna ta sauraron adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu a gabanta kowane dare.

Na shafa man gyaɗa a tafin hannuna na barbaɗa garin gawayi, na gaisa da ita, ta gaisa da Laminu, shi kuma ya taɓa kofi, kowa ya ga baƙin ya bi hannu ya zagaya. Na ce mata cutar haka take, ƙanƙanuwa ce ƙwarai har ido ba ya ganinta, ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta a hannu ko an yi tari kusa da mutum. Muka wanke da ruwa zalla baƙin bai fita ba, muka sa sabulu ya fita tas. Ta maimaita abin sau uku don daɗin wasan. Na kuma yanke cewa sanarwar da ministan lafiya, Dokta Idi Illiassou Mainassara, da ma'aikatarsa ke bayarwa, ni kaɗai zan riƙa saurare a rediyo bayan sun yi barci. Fitsarin kuwa ban yi mata faɗa ba, na shimfiɗa leda a ƙarƙashin tabarma na gargaɗi Laminu kada ya kuskura ya tsokane ta.

Laraba, 22 ga Afrilu

Na roƙi mahaifinsu ya riƙa haɗa su da Hajiya bayan isha'i. Daren jiya ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta waya, tun daga “ga ta nan ga ta nanku” har “ƙurunƙus”, da harshenta na Adar da yaran ke dariyarsa. Balki ta yi barci kafin a ƙare, kuma tabarma ta kwana a bushe.

Litinin, 27 ga Afrilu

Azumi ya kama, an kuma sassauta dokar hana fita, yanzu daga ƙarfe 9 na dare ne zuwa 5 na asuba. Na sake juya lokuta: ana sahur, a yi sallar asuba, a zauna karatu nan take kafin rana ta ɗaga, kuma na ga wannan ya fi duk tsarin da na gwada, domin ciki a ƙoshe yake, gari da sanyi-sanyi, unguwa shiru. Zaman dare ya koma na Alƙur'ani, muna yin asham a tsakar gida, Uwani tana biya wa Laminu allonsa daga inda malaminsu ya tsaya. Laminu yana azumin rabin rana. Ya gama baƙaƙe masu sauƙi, ya shiga sh da ts.

Asabar, 2 ga Mayu

Mako ya tafi a jinya. Ranar Talata da dare jikin Balki ya yi zafi, gudawa ta biyo baya. Na yi kuskuren da nake ganin mata da yawa suna yi a kwanakin nan: na ƙi kai ta asibiti don tsoron kada a ce korona ce a riƙe mu, ko kuma mu kwaso ta a can. Na yi ta ba ta ruwan gishiri da sukari, lita 1 na tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, amma ranar Alhamis da safe na ga idanunta sun faɗa, ta ƙi shan komai. Na goya ta zuwa asibitin unguwa.

Babu layi ko kaɗan, abin da ban taɓa gani ba. Ma'aikaciyar jinyar ta yi gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, ta ce gudawa ce ta lokacin zafi, ta yi mini faɗa sosai kan jinkirin kwana biyu, kuma na karɓi faɗan don gaskiyarta ne. Dubawa kyauta ce tunda ba ta kai shekara 5 ba, amma ƙwayar zinki ta ƙare a wurinsu, sai da na saya a kantin magani tare da wani maganin, jika 2. Za ta sha zinkin kwana 10. Babu karatun da aka yi tun Laraba, sai Uwani da ta ci gaba da nata.

Laraba, 6 ga Mayu

Rasuwar ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ranar Lahadi, wadda aka ce cutar ce sanadi, ta sa masu cewa babu korona a unguwarmu sun rage murya. Maƙwabciyar da ta yi maganar wanke-wanke ta roƙi in haɗa ƴaƴanta biyu da Laminu. Na ƙi, da nauyin baki, saboda Balki ba ta gama murmurewa ba kuma rumfar ba ta da faɗin da za a zauna nesa da juna. Abin da muka shirya shi ne Laminu zai riƙa kwafe gaɓoɓin ranar a takarda ana miƙa musu, wanda ya zama ƙarin atisaye gare shi.

Lahadi, 10 ga Mayu

Mahaifinsu ya turo kuɗi, na dawo da takardar shaida na ajiye a kan keke. Laminu ya ɗauka yana haɗa haruffa shi kaɗai, sai na ji yana cewa “Ta-ho-u-a”, ya ɗago ya ce, “Inna, wane gari ne wannan?” Na ce Tawa ce, inda Babanku yake. Ya ce ƙarya ne, Tawa haruffa huɗu ce, ya je ya rubuta a allo ya nuna mini.

Na tuna gadar da Baba Mushe ya faɗa. Na raba allon biyu, hagu na rubuta Musa, Shaibu, Usman, dama na rubuta Moussa, Chaibou, Ousmane kamar yadda suke a takardun haihuwa, na bar shi ya gano da kansa cewa o da u in sun haɗu a Faransanci “u” ake faɗa, c da h kuma “sh”, kuma akwai haruffan da ake rubutawa ba a faɗarsu. Wannan na ƙarshen ya ba shi haushi, ya ce ɓarnar alli ce. Da yamma na ciro littafin Faransancin da na ɓoye a ƙasan akwati tun 6 ga Afrilu, na buɗe shafin da ba su kai ba, ya karanta layi biyu a cikin kusan minti 5, da kuskure huɗu, idonsa a kan takarda tun daga farko har ƙarshe. Ma'anar rabin kalmomin bai sani ba, Uwani ce ta fassara masa.

Alhamis, 14 ga Mayu

Jiya aka buɗe masallatai aka kuma ɗage dokar hana fita, gobe za a buɗe hanyar shiga Yamai, makarantu kuma an ce ranar 1 ga Yuni. Saura kwana 18. Na biya jika 1 da rabi aka yi wa Uwani kwafin tambayoyin BEPC na shekarun baya, za ta riƙa yin ɗaya kowace safiya da agogo a gabanta. Na sayi kwalin alli na biyu, jika 1.

Litinin, 18 ga Mayu

Ya dawo da la'asar bayan fiye da wata biyu. Tun safe na gaya wa yara cewa sai ya wanke hannu ya yi wanka ya sake kaya kafin a rungume shi. Balki ce da kanta ta tsare shi a zaure ta nuna masa yadda ake taka sandar jarka. Laminu ya rubuta a allo da manyan haruffa, “sanu da zuwa baba”, da n ɗaya. Ban gyara ba sai bayan an sha ruwa.

Laraba, 27 ga Mayu

An yi hutun sallah kwana huɗu babu karatu. Na haɗa lissafin abin da na kashe tun 21 ga Maris: kayan Katako da taksi da kayen nan jika 6 da dala 120, fitila jika 4, intanet jika 8, magani jika 2, kwafi jika 1 da rabi, alli jika 1, jimla jika 23 da dala 20, ban da ƙarin ruwan garuwa da ban riƙa rubutawa ba. Uwani tana samun abin da ya haura rabi a lissafi da Faransanci in ta gwada kanta, amma kimiyyar fizik da sinadarai tana ƙasa, kuma a nan babu mai taimaka mata a gidan nan.

Litinin, 1 ga Yuni

Sun koma lakwal yau, kowa da takunkumi biyu da na ɗinka da gorar ruwa da guntun sabulu a jaka. An ce za a yi karatu har tsakiyar Yuli. Na raka Laminu na ga malaminsu, na gaya masa gaskiyar abin da na gano da inda muka kai, na roƙe shi ya matso da shi gaba ya kuma riƙa tambayarsa kalma daga tsakiyar shafi. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, ya nuna mini ajin da hannu, na kuwa gane abin da yake nufi, ga hadari ya fara haɗuwa kuma rufin zana ne.

Allon zai zauna inda yake. Minti 20 bayan magariba za su ci gaba, kwana uku Hausa, kwana uku Faransanci, kuma mahaifinsu ya karɓi na ranar Asabar. Abin da ya rage wa Laminu a Hausa shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa da baƙi mai maimaituwa irin na “sannu”. Gobe za mu fara da ƙ, na riga na zaɓi ƙofa, ƙafa da ƙosai. Uwani tana bukatar mai koya mata fizik sau biyu a mako kafin jarrabawa, Baba Mushe ya ce jikansa da ke Jami'ar Abdou Moumouni zai iya, zan ji kuɗinsa ranar Laraba.